Ƙahon Remzi Usta

Duk wanda ya zauna a kudancin garin Paterson na Amurka ya san muryar Remzi Usta kafin ya san fuskarsa. Mai gyaran famfo ne, shekara talatin da huɗu yana rarrafe a ƙarƙashin gidajen mutane tun da ya baro Giresun, kuma Allah ya hore masa maƙogwaron da in ya yi magana a saman bene ana jinsa a gidan burodin da ke kan kwana. Yana da wata magana guda da ba ya gajiya da ita. In matarsa Nermin Hanim ta ce a sake labule, in 'yarsu tilo Melis ta nemi zuwa wani wuri, kai ko gardamar gishirin miya ce, sai ya daki tebur ya ce, "A gidan nan ƙahona ne ke tashi!"

Tsohuwar maganar mutanenmu Turkawa ce. Wanda ƙahonsa ke tashi shi ne mai faɗa a ji, iyakar abin ke nan, babu wani ƙaho a ciki. Kalmar ita ce *boru*, kuma da ita muke kiran ƙahon busa, da ita muke kiran bututun ruwa, ba mu taɓa ganin abin mamaki a nan ba. Nermin Hanim takan ce, "To, Usta," sannan ta ɗauki jakarta ta je ta sayo labulenta. Melis kuwa, wadda aka haifa a nan, takan koma gefen tsohon ƙamus ɗin da take fassara wa iyayenta takardun hukuma da shi tun tana firamare.

Rigimar ta faro ne ranar wata Lahadi a ƙarshen watan Yuni, da la'asar, lokacin da aka zo neman auren Melis. Saurayin, Tarik, ɗan baƙaƙen Amurkan Newark ne, Musulmi tun zamanin kakansa, yaro mai kunya. Ubansa kuwa, Wendell, ba kunya ba ce ta dame shi. Dogo ne, tsohon direban bas, dariyarsa kaɗai ta isa ta cika falo. An kawo gahawa, an zuba wa ango gishiri a tasa kamar yadda aka saba, ya shanye bai ko yamutsa fuska ba, mata suka yi guɗa. Remzi Usta ya gyara zama ya ba da 'ya, yana jin kansa kamar shi ya gina garin.

Ana cikin cin alewar baklawa ne Wendell ya ambaci cewa shekara hamsin ke nan yana busa ƙaho, irin na tagulla mai maɓalli uku da Turawa ke kira *trumpet*, kuma ko asibiti zai je sai da shi a bayan mota.

"Babana ma yana busawa," in ji Melis da Turanci.

Remzi yana da Turancin aiki, wanda ya ishe shi sayen bututu da zagin 'yan kwangila, don haka ya ji sarai. Cokalinsa ya tsaya a hanyar baki.

Ta juyo gare shi, ta koma Turkancinta mai ɗan ɗingishi. "Baba, tun ina ƙarama nake jin kana cewa ƙahonka na tashi. Ka san wuraren da na neme shi? Ƙarƙashin gado, saman kabad, har cikin akwatin kayan aikinka. Daga baya na ce a raina, lallai a Giresun ya baro shi. Ya ajiye wancan *boru* ɗin ya kama wannan don ya ciyar da mu." Idanunta suka ciko. "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da zan fita daga gidan nan, ka busa min sau ɗaya."

Ya dubi matarsa neman ceto. Nermin Hanim ta duƙufa tana binciken faranti kamar yau ta fara ganinsa.

Kalma biyar ta isa ta kashe zancen: 'yata, ai karin magana ne. To amma ta yaya? A gaban surukai ya ce mata shekara ashirin da bakwai duk ihun iko ne kawai yake yi? Ga kuma irin kallon da take yi masa. Tun da aka haife ta tsoronsa take ji, tana girmama shi, amma wannan kallon bai taɓa samunsa ba, kuma gaskiyar magana daɗi ya yi masa har cikin ƙashi.

"An gama," in ji shi.

Wendell ya miƙe tsaye har yana kusa da ture tebur. "Allahu akbar! Ɗan'uwa Remzi, me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu? Tare za mu busa! Uban amarya da uban ango!"

Baki shi ke yanka wuya. Saura mako biyar ɗaurin aure.

Kafin azahar ɗin Litinin labari ya riga shi isa gidan shayin da ke babban titi. Yana shiga aka daina jefa 'ya'yan tavla, wasan darar mutanenmu. Dursun, wanda suka taso ƙauye ɗaya suka yi soja tare, ya miƙe ya ƙame ya sara masa.

"A ba da hanya! Ga sarkin busa!"

"Zauna, Dursun, kada ka faɗi."

"Ɗan garinmu, don Allah yaushe ka koya? Ni dai na tuna a bariki an ba ka usur ka tashi mutane, sai da kofur ya ƙwace ya ce akuya ma ta fi ka."

Wuri ya kaure da dariya. Remzi ya ja kujera, ya karɓi shayinsa, ya juya sukari a tsanake.

"*Boru* ai *boru* ne," ya ce. "Shekara talatin da huɗu ina tura ruwa a ciki. Iska ce za ta gagare ni?"

"An ce da kare ana biki a gidansu," in ji Dursun.

"Za ka gani a ƙas. Ka zo da wuri ka kama gaba."

Ya faɗa da ƙarfin hali, amma shayin nan bai san ta inda ya bi ba. Bai taɓa ko riƙe irin wannan ƙaho ba a rayuwarsa.

Ranar Talata da hantsi Wendell ya diro shagonsa da akwatuna biyu, yana murna kamar mai zuwa Idi. Ya buɗe guda ya miƙa masa. Abin ya yi sanyi a hannu, yana sheƙi. Remzi ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗaga ya leƙa ta faffaɗan bakin kamar yadda yake leƙa bututun da ya toshe. Wendell ya daina murmushi.

"Busa mu ji," ya ce.

Remzi ya cika ƙirji ya hura. Ba abin da ya fito sai iska, fuuu, kamar tayar da ta yi faci. Ya sake cikawa, ya matse leɓe, ya tura da dukan fushinsa. Abin da ya fito a karo na biyu, ni dai ban san sunansa ba. Sifanonin da ke rataye a bango suka yi rawa, kyanwar shagon ta fita ta taga, mai wankin kayan da ke maƙwabtaka ya leƙo yana tambayar ko tukunyar ruwan zafi ce ta fashe.

Wendell ya zame ya zauna a kan bokiti, ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ƙyar ya samu numfashi.

"Ɗan'uwa, ba ka yi ƙarya ba. Wallahi ba ka yi ba! A Turanci kukan giwa ma *trumpet* muke ce masa!"

Remzi ya so ya yi tsawa, amma tsawar ba ta zo ba. Ya ajiye ƙahon a kan teburin aiki, ya jawo wani bokitin ya zauna. Da guntun Turancinsa da taimakon hannuwa ya warware masa komai: maganar, ma'anarta, da yadda yarinya ta ɗauke ta da gaske.

Wendell ya share ido. "Wato a wurinku mai ƙaho shi ne mai mulki."

"Shi ne."

"Mu kuwa in muka ce mutum yana busa ƙahon kansa, mai cika baki muke nufi."

Jini ya hau kan Remzi. A shagonsa! Da wani ne da tuni ya ga ƙofa. Amma ya duba fuskar mutumin bai ga raini ba, sai ya haɗiye, don ya san an same shi daidai.

"Suruki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, abin da ko bangon shagon bai taɓa ji ba, "ba dariyar Dursun ce ta dame ni ba. Ka ga yadda ta dube ni? Ba na son ta daina."

Wendell ya daɗe yana shafa gemu. "Mako biyar ba ya yin mabushi. Amma zan iya ba ka sauti biyar, in leɓenka ya yarda. Akwai wata waƙa da ku biyu kuka sani?"

Remzi ya ce babu, shi ba mutumin waƙa ba ne. Can sai ya tuna. Akwai wani ɗan amo da mahaifiyarsa ke yi in tana tsinkar 'ya'yan findik, wata irin gyaɗar bishiya, a tudun ƙauyensu, ba shi da ko kalmomi. Lokacin da Melis ke 'yar shekara biyar, shi ke kai ta makaranta a motar aiki, ta zauna a kan akwatin sifanoni, shi kuma yana yin amon nan ta hanci ba tare da ya sani ba. Daga baya aiki ya yi yawa, ta fara bin bas, ya daina. Ya gwada yi wa Wendell, yana kallon ƙasa don kunya.

Wendell ya ɗaga nasa ƙahon ya maimaita, a hankali. Tsikar jikin Remzi ta tashi. Mahaifiyarsa ta yi shekara ashirin a kabari, ga ta a shagon famfo a Paterson.

"Sauti biyar cif," in ji Wendell. "Tashi mu fara."

Sai matsalar wuri. A shago ba dama, mai wanki ya riga ya kafa kunne. A gida kuwa kada ma a fara. Remzi ne ya samo dabara: kullum da azahar su ajiye motar aiki kusa da babbar mafaɗar ruwan garin, inda rugugin ruwa ke haɗiye ko wace ƙara, su rufe gilashi su yi ta fama. Nan suka mai da makaranta. Dattawa biyu cikin mota mai warin man giris, ga burodin riɗi da cuku a kan gaban mota, ɗaya na ihu, "Kada ka kumbura kumatu! Ba balan-balan kake hurawa ba!" ɗayan na mayar masa, "Ka daina min tsawa, ni ba kwandastanka ba ne!"

Makon farko giwa ce zalla. Leɓensa ya kumbura ya yi suntum.

"Me ya sami bakinka, Usta?" Nermin Hanim ta tambaya tana zuba masa miyar kabeji.

"Ƙudan zuma ne."

"Ikon Allah. Ƙudan nan yana da agogo. Kullum da azahar yake harbinka."

"Hanim, a gidan nan..." Ya tsaya. Maganar ta maƙale, ta ƙi fita.

"Na'am? A gidan nan me?"

"Gishiri ya yi kaɗan."

Ta tura masa gishirin, ta juya baya, kafaɗunta na motsi.

A mako na biyu Remzi ya rama wa surukinsa. Wendell ya zo da wani tsohon ƙaho duk ya dushe, na mahaifinsa ne da ya taho da shi daga kudu, ya ce ya fi shekara goma ba ya ba da sauti mai kyau, masu gyara biyu sun duba sun ce tsufa ne. Remzi ya karɓa ya yi tsaki. Ya toshe bakin da tsumma, ya shafe jikin da ruwan sabulu, ya ce Wendell ya hura. Sai ga 'yan kumfa suna tasowa daga wata gaɓa a ƙarƙashin maɓalli na biyu.

"Tsufa! Yoyo yake yi, suruki. Masu gyaranku makafi ne."

Suka koma shago, ya kunna wuta, ya like wurin da dalma siririya kamar zare, ya goge. Da Wendell ya busa, bai kai ƙarshe ba ya sauke ƙahon ya juya yana kallon bango. Sai da ya jima ya ce, "Haka yake a hannun babana."

"Ba na gaya maka ba? *Boru* ai *boru* ne."

Daga ranar nan ba malami da ɗalibi ba ne kuma, abokai ne.

Sautin farko mai tsabta ya zo ranar Alhamis ɗin mako na uku, ba sallama. Remzi ya gaji, ya daina matsawa, ya hura kawai kamar mai huci, sai ga wani abu ya fito dogo, sumul, ya cika motar. Suka dubi juna.

"Ni ne?"

"Kai ne!"

"Rantse!"

"Wallahi kai ne! Sake!"

Ya sake, ya fito. Remzi Usta, mai shekara sittin da ɗaya, ya ɓalle ƙofar mota ya diro, ya ɗaga hannuwa sama yana taka rawar mutanen bakin tekun Giresun a wurin ajiye motoci, kafaɗu na karkarwa, Wendell na bin sa yana kwaikwayo ba daidai ba. Wasu 'yan yawon buɗe ido da suka zo kallon ruwa suka juya suna ɗaukar su hoto. Ko a jikinsa.

Sauti na biyu da na uku suka biyo a guje. Na huɗu ya yi gardama kwana shida. Na biyar, wanda ya fi tsayi, shi ne shaiɗanin: in an busa sau goma yakan zo sau huɗu, sauran shida giwa. A haka aka shiga makon biki.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Tun ƙarfe ɗaya layin ya cika, motoci sun sha ƙyalle, mai ganga da mai algaita da aka ɗauko daga garin Clifton sun kama aiki a bakin ƙofa. Maƙwabta Larabawa da 'yan Peru sun fito baranda da kujerunsu. Dangin ango sun zo daga Newark cikin fararen kaya, kusan mota goma sha biyu. 'Yan gidan shayi kuwa sun rufe tavla sun taho gaba ɗaya, Dursun a sahun gaba har da kujerarsa mai naɗewa.

"Na kama gaba, ɗan garinmu! Na kuma zo da auduga, ko da wani zai buƙata!"

Remzi ya kau da kai. Yana tsaye a baranda cikin kwat ɗin da ta matse masa wuya, ƙahon a hannu, tafinsa sharkaf da gumi. Wendell ya tsaya kusa da shi da tsohon ƙahon mahaifinsa. Don ya kwantar masa da hankali ya nuna furen da ya nannaɗe ginshiƙin barandar, mai jajayen furanni masu buɗaɗɗen baki.

"Ka san sunan wannan a Turanci? Shi ma *trumpet*."

"Mu ma *boru* muke ce masa," in ji Nermin Hanim daga bakin ƙofa. "Ni na shuka shi. Shi kaɗai ne ƙahon da ke gidan nan, kuma bai taɓa yi wa kowa tsawa ba."

Kafin Remzi ya samu amsa, guɗa ta tashi daga ciki. Melis ta fito cikin farar riga. Aka miƙo masa jan ƙyallen da ake ɗaura wa amarya a ƙugu, da yake ba ta da ɗan'uwa namiji. Ya danƙa wa Wendell ƙahon, ya zagaya ƙyallen sau uku kamar yadda ake yi, ya ɗaure. Mai ganga ya ɗaga sanda ya tsaya. Layin ya yi tsit.

"Baba," ta ce, tana kallon ƙahon.

Ya karɓa. Ya jiƙa leɓe. Ya ce bismillah a zuci, ya cika ƙirji, tsoro ya sa ya matse da dukan ƙarfinsa.

Giwa ta yi kuka a kan titin.

Kai, ba a taɓa yin irinta ba, ko a mafaɗar ruwa. Wata mota da ke ajiye ta kama ihu da kanta. Dursun ya faɗo daga kan kujerarsa yana dukan cinya, 'yan gidan shayi suka rungume juna, har mai algaita sai da ya juya baya. Remzi ya ji kunnuwansa na ci da wuta. Ya fara sauke ƙahon. Shi ke nan, ramin ƙarya ƙurarre ne, yau ya zo ƙarshensa a gaban duniya.

Sai ya ji wani sauti a gefensa, ƙasa-ƙasa, mai laushi. Wendell ne ya riƙe masa sautin farko, bai ko dube shi ba, ya dai riƙe yana jira.

Remzi ya dubi 'yarsa. Ita ba dariya take yi ba, jira take. Ya saki kafaɗu, ya mai da ƙahon baki, ya hura kamar mai huci.

Ya fito. Na biyu ya biyo, na uku, na huɗu ya ɗan yi tuntuɓe ya miƙe. Dariyar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Ya rufe ido ya hau na biyar, shaiɗanin nan, sai ga shi ya zo, ya tsaya, siriri yana ɗan rawa amma bai karye ba. Ya koma farko ya sake zagayowa, Wendell na binsa a ƙasa kamar mai riƙe wa wani tsani. A zagaye na biyu ne Melis ta gane amon. Ta kai hannu ta rufe baki, kwalliyar da aka ɓata awa uku ana yi ta fara gangarowa. Wata tsohuwa 'yar Giresun a cikin taron ta ce, "Wayyo, uwata!" ta fashe da kuka.

Da ya sauke, layin ya tashi kamar za a tsaga shi. Ganga ta ɗauka, algaita ta bi, mutanen Newark na kabbara, 'yan Peru na tafi daga baranda. Dursun ya kutsa ya haye matakala ya sumbace shi a goshi.

"Munafuki! Shekara arba'in kana ɓoye mana! Ni dama na sha faɗa musu, ba su yarda ba!"

Ya ci nasara. Abin da ya nema ya samu, har da ƙari. Amma da Melis ta sunkuya ta sumbaci hannunsa ta kai goshi, ta ɗago da irin kallon nan, sai nasarar ta yi masa ɗaci. Ba zai bar ta ta tafi gidan wani da ƙaryarsa ɗaure a ƙugu ba. Ya ja ta baya kaɗan zuwa cikin zaure, inda ganga ba ta kai sosai.

"'Yata, tsaya. Ban taɓa mallakar ƙaho ba. Ba a Giresun ba, ba a ko'ina ba. Wannan na surukina ne, mako biyar ke nan da na fara taɓa shi. Maganar nan da nake yi, karin magana ne kawai. Ma'anarta..."

"Ni ne mai faɗa a ji," ta ƙarasa masa.

Ya ja da baya yana dubanta.

"Baba, ina 'yar shekara goma sha ɗaya na duba ƙamus. Yana nan a shafin, har na ja masa layi da jan biro." Ta share ido da bayan hannu, tana dariya tana kuka. "Neman da na ce na yi, na yi shi da gaske, kafin nan. Na yi ta addu'a in same shi. Tunda na buɗe ido kake cewa ƙahonka na tashi a gidan nan, ni kuwa tsawa kawai nake ji. Sai na ce kafin in fita, bari dai in ji ƙahon sau ɗaya."

Mutumin da ake jin muryarsa daga gidan burodi ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, ta shekara ashirin da bakwai gaba ɗaya, ta haɗu da wata irin ƙauna. Ya juya ya ga matarsa jingine da ƙofar kicin.

"Hanim, har da ke?"

"Ni na ce mata ta faɗa a gaban baƙi," in ji Nermin Hanim. "In ku biyu ne, da tsawa za ka yi."

Melis ta rungume shi, ƙahon ya maƙale a tsakaninsu. "Amon motar makaranta," ta ce a kunnensa. "Na zaci ka manta."

Daga waje aka fara danna oda, ana kiran amarya. Ya kama hannunta ya sauko da ita matakala, ya sa ta a mota da kansa, ya tattara mata jelar rigar ya rufe ƙofa. Nermin Hanim ta watsa kwanon ruwa a bayan motar don tafiya ta yi sauƙi. Motoci suka fara gangarawa ɗaya bayan ɗaya.

Remzi Usta ya tsaya a tsakiyar titi, leɓensa ya riga ya fara kumbura. Ya ɗaga ƙahon ya sake kama sautin nan biyar, shi kaɗai wannan karon. Na biyar ya fashe, bai damu ba, ya koma farko. Gilashin motar gaba ya sauka, farin hannu ya fito yana ɗagawa. Bai sauke ƙahon ba sai da motar ta sha kwanar gidan burodi.